Man Rake a Tankin Baba

Tsohon direban tasin nan ya kasa tsayuwa wuri ɗaya a gidan mai. Hularsa ta jiƙe da gumi, yana ta kaɗa makulli a yatsa. Fetur ya ƙare, saura itanol, sabon man da ake yi da rake. Ya shinshina bakin tiyo, ya ja baya, ya sake dawowa. Da gani, motar ce ke ciyar da gidansa.

"'Yata," ya ce da mai zuba man, "warin giya nake ji. Ban taɓa kai ta bakina ba."

"Baba, ai ba kai za ka sha ba."

Na baya suna ta danna hon. Ya kau da kai.

"Zuba mata. Ita ba ta da hisabi, ni kuwa iyali na jira."