Radiyon Maƙwabcina

Kafin radiyo ta shigo layinmu a kasuwar Tamanrasset, ni ne mai labari. Tela ne ni daga Damagaram, na ɗan taɓa lekkol, wato makarantar boko, don haka duk wasiƙar da ta zo daga gida gaban kekena ake kawo ta. Direbobin Agadas ma wurina suke fara shan shayi. Da la'asar tabarmata cike take.

Shekara biyu ko uku bayan tafiyar Faransawa, maƙwabcina, wani ɗan Maraɗi mai sayar da goro da turare, ya dawo daga arewa da radiyo mai rigar fata. Ya ɗaura waya a kan doguwar sanda, ya yi ta murɗawa har muryar Hausa ta fito daga Yamai, tana zuwa tana ɓacewa. Cikin mako guda na koma ni kaɗai a tabarma. Nakan taka keke da ƙarfi don kada in ji, amma ina ji. In an tambaye ni sai in ce akwatin surutu ne kawai.

Wata safiya ya leƙo shagona.

"Malam, ka rubuta mini takarda zuwa gidan radiyo, a gaishe mini da tsohuwa a filin gaisuwa."

Na rubuta da kyau, don ba na son a raina hannuna. A can ƙasa na ƙara sunana da na mahaifiyata, ban gaya masa ba.

Wata biyu muna jira. Duk ranar filin sai na ƙirƙiro dalilin tsayawa bakin shagonsa, yau goro, gobe aron wuta. Ranar da aka karanta, mai gabatarwa ya faɗi sunan maƙwabcina har sau biyu, ya ce daga Tamanrasset. Mutane suka miƙe suna ba shi hannu, suna dariya. Na ce a yi shiru, akwai saura. Kafin su ji ni an sa kiɗa.

Ya kama hannuna, idonsa ya kawo ruwa.

"Alƙalaminka ne, Malam."

Na ce, "Allah ya sa ta ji."

Na koma kan keke, na haɗa hannun wata riga a baibai, sai da na warware shi duka. Ko an faɗi sunan mahaifiyata a ranar, har yau ban sani ba, kuma ban taɓa tambayar kowa ba.