Zanen Tawada a Wuya

Ina zauren dagaci a Fulatan, ina rubuta takardar iyakar gona, wani mai babur ya tsaya a bakin ƙofa. Bai kashe inji ba, bai yi sallama ba. Ya ce, "Malam, taso. An sari ɗanka."

Ɗan nawa yana karatun ɗaukar hoton cikin jiki a Kano. Da dogon hutun damina aka haɗa shi da wata likita mai bincike a kan kaluluwa, ƙullutun nan da ke kumbura a wuya ko hammata. Aikinsa shi ne ya shafa wa mutum wani mai, ya ɗora masa 'yar na'ura, hoto ya fito a allo, ya auna. In ya ga wadda hankalinsa bai kwanta da ita ba, sai ya zagaye wurin da baƙar tawada, don likita ta duba daidai nan in ta zo bayan mako guda.

Ni ya roƙa in yi wa jama'a bayani, tunda muryata aka saba ji. Na miƙe bayan sallar Juma'a na ce kada kowa ya goge zanen. Aka tambaye ni alwala, aka tambaye ni wanka, duk na amsa. Ban ce kada a kai wa wanzami ba. Abin bai zo mini a rai ba.

A wajenmu, kumburin da ya ƙi sauka sakiya ake yi masa. Wani manomi da aka yi wa zane a wuya ya ga tunda ɗan boko ya nuna inda ciwon yake, jiran me zai yi? Wanzami ya sa ƙarfe a wuta har ya yi jajur, ya soka a tsakiyar zanen. Ashe babbar jijiyar jini na kwance a gefe. An ce jinin har bangon zaure. Mutumin ya rasu a kan tabarmar.

'Yan'uwansa ba su nemi wanzamin ba, shi ya yi musu kaciya dukkansu. Ɗakin shan magani suka nufa da gora da fartanya. Suka tarar da ɗana yana duba wata tsohuwa. Ita ta gaya mini daga baya cewa na'urar ya rungume, bai kare kansa ba, yana ce musu ba tasa ba ce. Saran farko ya karya masa hannu. Na biyu ya same shi a ƙeya. Bayan ya faɗi ma ba su daina ba.

A cinyata na ɗora kansa a bayan akori-kura, rigata ta jiƙe har wando. Sau ɗaya ya yi magana.

"Baba, akwai sauran mutum huɗu masu zane. A gaya musu."

Kafin mu shiga Karaye, inda asibiti yake, ya cika.

Bayan sadakar uku na bi masu zanen gida-gida na gaya musu kada su kai wa wanzami. Gumi ya riga ya wanke tawadar. Likitar ba ta sake zuwa ba. Mutum huɗun nan har yau ba a duba su ba.