Hannun Hagun Maman Benson

A unguwar Trikania abu biyu aka san Scholastica da su: tana sauraron mafarkin mutane, kuma da hannun hagu take cin abinci. Idan ka kai mata mafarki ba ta yi maka wani dogon bayani. Za ta bari ka gama, sannan ta ce, "Ban da abin da ya ba ka tsoro, me kuma ka gani?" Zancen hagun kuwa, baƙo in ya gan ta a wurin biki sai ya kau da kai, yana mamakin mace da furfurarta ta rasa wannan tarbiyya. 'Yan unguwa ba sa tanka masa, don sun san mafarin abin.

'Yar Zonkwa ce, aure ya kawo ta Kaduna. Mijinta ya yi aikin masaƙa a Kakuri har ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar mata ɗa guda, Benson. Da gasa masara da doya a bakin titin Gonin Gora ta rene shi. Da ya girma ya shiga soja. Ita ba ta so ba, amma wa ya tambaye ta? Aka kwashe su zuwa yaƙin Saliyo, labarinsa ya ɗauke ɗif.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, maza sun yi ta gardamar siyasa a teburin mai shayi, kai ka ce cikinsu za a zaɓi minista. Scholastica magana ɗaya ta tsinta a rediyo: za a dawo da yaran da ke Saliyo. A daminar nan ta fara wani mafarki, ya tafi ya dawo. Benson na zaune a bakin ƙofa, ta ajiye masa tuwon acca da miyar karkashi, abin da yake so tun yana yaro, sai ya dube ta kawai, bai ci ba.

Hankalinta ya tashi ƙwarai, domin ta taso tana jin tsofaffin gidansu na cewa matacce ne ke zuwa a mafarki ya ƙi abinci. Ta kai zancen wurin zumuntar mata a coci. Shugabarsu Irene ta ce, "Maman Benson, ki gode wa Yesu! Ai cin abinci a mafarki shi ne mugun abu. Tun da bai ci ba, maƙiya sun sha kunya."

Maƙwabciyarta Amina mai ƙosai kuwa jan ta gefe ta yi. "Yaya, mummunan mafarki ba a yawo da shi. Ki yi tofi ta hagu, ki yi addu'a, ki ja bakinki."

Ta yi azumin da Irene ta sa ta, ta yi shirun da Amina ta ce, mafarkin bai fasa zuwa ba. Ta rame, masara na ƙonewa a gabanta ba ta gani. Tambaya ɗaya ke cin ta: yana raye ko ya mutu?

Wata rana da hantsi tana fifita garwashi, sai ga Amina a kan acaɓa, mayafi a hannu. "Yaya, taso! Ɗanki ya dawo!"

Ta same shi zaune a bakin ƙofa, ya yi baƙi, ya bushe, sanye da ƙatuwar rigar sanyi duk da zafin rana. Ta yi kuka, ta yi waƙar yabo, ta ruga ta ɗora tukunya. Da tuwon ya nuna ta ajiye masa da ruwan wanke hannu. Benson ya dube ta, bai ci ba.

Ta tura masa kwanon.

"Ci mana, ɗana."

"Mama," ya ce a hankali, "ba ni da hannun ci."

Ya zame rigar. Hannun daman a gwiwa ya ƙare. A asibiti ya koyi ci da hagu, amma a gaban uwar da ta sha buge masa wannan hannun da ludayi in ya kai shi kwano, ya kasa. Nan Scholastica ta tuna: duk zuwan da ya yi mata a mafarki, hannunsa na dama a ɓoye yake a bayansa. An nuna mata komai, ita da masu ba ta shawara kwanon kawai suka yi ta kallo. Tausayinsa da kunyar kanta suka rufe ta.

Ba ta ce masa sannu ba, don ta san in ta faɗa kuka zai yi. Ta jawo kujera, ta wanke hannunta na hagu, ta yanki tuwo da ƙyar. Karkashin ya zubo mata har gwiwar hannu kafin lomar ta kai baki.

"Sa hannu," ta ce. "Tuwo na hucewa."

Benson ya sa hannu.

Yanzu ya yi aure, yana da shagon kayan masarufi a unguwar Nasarawa, a gaban kowa yake cin abincinsa. Ya sha ce mata, "Mama, ya isa haka." Har yau ba ta koma dama ba.