Matar da Ta Tafi Neman Gidan Gaskiya

A Kende na tashi, a hannun kakata Iya Hawa, 'yar Dandawa daga tsallaken iyakar Binin. Da an idar da sallar Magariba takan zauna gaban murhu tana bandar kifi, mu jikoki mu kewaye ta muna roƙon tatsuniyar da ta fi ba mu dariya.

Wai wata bazawara ce can ƙasarsu, ba ta jin Hausa sai tsinta-tsinta. Ɗanta tilo ya ƙetaro wajen Bagudo kamun kifi. Bayan wata biyu sai ga abokin aikinsa Bahaushe, ya durƙusa ya ce, "Inna, sai haƙuri, ya riga mu gidan gaskiya." Ya tashi da sauri don kada ya ga kukanta. Ita kuwa ta san ƙauyukan Hausawa duk Gidan Wane ne, ta ɗauka yaron ya sauya gari. Ta ƙulla masa busasshen kifi ta hau kwalekwale.

Nan Iya kan maƙale murya: "Baba, ina hanyar Gidan Gaskiya?" A Sharabi wani tsoho ya dube ta da tausayi ya ce, "Baiwar Allah, duk can za mu." Sai ta zauna bakin hanya har la'asar tana jiran su shirya a tafi tare. Mu kuwa har faɗuwa muke don dariya.

"Iya, ta same shi?"

"Ku matsa, kifina zai ƙone."

Yanzu Hausa nake koyarwa a sakandare. Duk shekara in mun zo kan sakaya zance, nakan nuna wa ɗalibai yadda Bahaushe ke lulluɓe mutuwa don ya sassauta wa mai ji, in kawo tatsuniyar Iya misalin inda lulluɓin ya cuci baƙo. Bara na ba gwaggona labarin darasin. Ta daɗe tana kallona.

"Wace tatsuniya? Iya ce da kanta, kwana tara ta yi tana yawo. A kasuwar Kende kakanku ya ja ta gefe ya faɗa mata da Dandanci cewa ruwa ya ci ɗanta. Ba ta sake komawa gida ba."

Shekara nawa Iya tana kwaikwayon muryarta ta wancan lokacin, muna tafa mata. Ta rasu ba wanda ya taɓa tambayarta sunan yaron. Gwaggo ma ba ta sani ba.