Rawanin Surukina a Kwamfuta

A ƙarshen shekarun casa'in aka kawo kwamfuta ofishinmu a Gumel, ni kuwa na maƙale mata kamar ƙuda a kan mangwaro. Wata abokiyar aikina, Kirista daga wajen Jos, ita ta koya mini sa hoto ya yi motsi. Akwai wani layi mai gida-gida a saman allon, kowane gida da hotonsa, na'urar tana bin su a jere. In za ka ba ta umarni ba sai ka iya rubutun masana ba. Ka taɓa gidan, akwati ya buɗe, ka zaɓi "tsaya" ko "koma", ita ta rubuta maka sauran.

A lokacin aka naɗa surukina mai unguwa a Ɗanzomo. Dattijon nan bai taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba, a wurinsa wanda ba ya riƙe fartanya zaman kashe wando yake yi. Abin yana ci mini rai. Na ce to, bari ya gani da idonsa. Na samo hotonsa, na goge hular, na zana rawani yana saukowa a hankali har ya zauna daram a kansa.

Abokiyar aikina ta ce in sa "tsaya" a gidan ƙarshe, in ba haka ba abin zai yi ta komawa farko. Na zaɓa kuwa, amma garin rawar kai na rufe akwatin ban tabbatar ba. In na gwada kuma, rawani na zama sai in kashe don murna.

Ranar kasuwar Maigatari Baba, surukin nawa, ya biyo ta ofishinmu da dattawa biyu. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, na aika aka shigo da su, na durƙusa na gaishe su, na kunna. Rawani ya sauko, dattawa suka ce masha Allah. Sai fit, ya ɓace, ga Baba kai tsirara a gaban mutanensa. Ya sake saukowa, ya sake tashi. Na rasa inda zan danna. Kunya ta rufe ni, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Baba ya ɗaga hannu ya dafe rawanin da ke kansa, sannan ya ce a hankali, "Malam, in an gama tuɓe ni, mu za mu kama hanya."