Malam Attahiru, Sun Sa Wa Gidanka Jan Fenti

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 8 ga Yulin 2025, bayan Azahar, aka aiko mini cewa ka cika, Malam Attahiru kafinta. Na yi kuka. Yau kuma takaici ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara ashirin ke nan da ka gina ɗakuna goma sha ɗaya a unguwar Mabera, ka zuba matan da mazansu suka mutu da tsofaffin da haya ta gagara. Ɗan abin da suke bayarwa a gyaran kwanon rufi da masai yake ƙarewa. Da Lydia, matar marigayi Ayuba malamin firamare, ta zo da 'ya'ya huɗu, ba ka tambayi addininta ba, mabuɗi ka miƙa mata. Ko a bara, da tsufanka, na gan ka a kan tsani kana toshe wa tsohuwa Tani yoyo.

Amma ina da ƙorafi a kanka, abokina. A ƙofar masallaci ka ce gidan wakafi ne, a gabana da Liman Mu'az. Sau nawa na ce ka rubuta? Sai ka yi dariya ka ce, "Mi za mu yi da takarda, Sa'adu? Allah ya jiya, kai ma ka jiya." To, Liman ya riga ka tafiya. Shaida ɗaya ya rage, ni, kuma an ce maganar mutum ɗaya ba ta isa ba.

Ko addu'ar bakwai ba a yi ba, ɗanka Tukur ya zo da dillali suka auna gidan, suka shafa jan fenti a bango, alamar na sayarwa ne. An ba mutanenka wa'adin su tashi zuwa ƙarshen wata, a tsakiyar damina. Wannan rashin kunya ne, kuma na faɗa masa ido da ido. Tani ta riƙe mini riga tana cewa, "Malam, ina za mu tahi da ɗiyan ga?"

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka masaukin da ba mai tashinka. Ina yi wa matarka Hajiya Zulaihatu da 'ya'yanka ta'aziyya, har da Tukur, Allah Ya shirye shi kafin wata ya ƙare. Mafi girman ta'aziyyata kuwa ga mutanen ɗakunan nan take, domin su ne aka bari marayu.

Sa'adu Dundaye, Sakkwato