Ranar da Kawu ya ga kunamar ruwa

Yau na tarar da wata kunamar ruwa, faffaɗan kifin nan mai dafi a wutsiya, tana goga cikinta a gilashi a gidan kifin da nake aiki. Tsutsar fata ta dawo. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Masunci ne a kogin Binuwai kafin ciwo ya kawo shi jinya wurinmu a garin Glenwood. Ko shayi aka ba shi, sai ya sansana tukuna. Ranar da na kai shi wurin aikina, ya tsoma yatsa a tankin kifaye marasa lafiya, ya kai hanci, ya ji ƙarni da warin magani.

"Za su tashi, 'yata?"

Na ce magani yana kashe tsutsar da ke cin fatarsu, amma ƙwanta na maƙale a yashi. Sai dai a sake ruwa, a ƙara magani, a jira.

Ya daɗe yana kallon wata kunamar ruwa da ta daina ci. "Da mashi nake kashe su," in ji shi. "Ya fi sauri."

Ba ta tashi ba. Shi ma, duk maganin da muka yi ta ɗura masa, bai kai azumi ba.

Allah ya ba Kawu hutun da bai samu a hannunmu ba.